Koriyar Takardar da Ke Cikin Kwallar Hajo

Shekarar da kawun matata Hajo ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, lokacin ana ce wa ƙasarmu Dahome, ni na naɗa kaina malamin zaɓe a gidanmu na Malanville, tunda na yi aji uku a lakwal, makarantar boko. Kwana bakwai ina koya mata: kowane ɗan takara da launin takardarsa, ta Kawu koriya ce, ita ake sawa a ambulan a jefa akwati, sauran a fito da su.

Ranar zaɓe na shiga rumfar zaɓe da babbar riga, har da gaida jandarma da Faransanci. Da muka koma gida na zube ragowar takarduna a tabarma, don ta ga aikin masu ilimi. Hajo ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauko koriya.

"Malam, to wa ka zaɓa?"

Na duba, babu ja, ta abokin hamayyar Kawu.

Kawu ya faɗi zaɓe, har ya rasu bai ji labarin nan ba. A kwallarta Hajo ta ɓoye koriyar takardar. Har yau, da na gyara murya zan yi mata bayani, sai ta ɗan ƙwanƙwasa murfin kwallar tana murmushi.