Ranar da Na Ɗora wa Uwar Sarki Doya a Ka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da iyayina ya kusa raba ni da aikina a wani ƙauye kusa da Sheda.

Wasu masu binciken noma ne suka ɗauke ni in riƙa shiga tsakaninsu da manoma, in fassara magana, in bayyana al'ada. Na ce musu ai na san Gbagyi, wato Gwarawan yankin, ciki da bai. (Gaskiyar magana, iyakar sanina da su shi ne sayen doya a bakin titi.) Ran nan muka je neman gonar gwajin iri, kuma in sarkin ƙauyen bai yarda ba, aikin damina ya rushe.

Muna jira a ƙofar gidansa sai ga wata dattijuwa ɗauke da masakin doya a kafaɗa. Shugabarmu, wata Baturiya, ta tambaye ni me ya sa ba ta ɗora a ka ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara tsayuwa na ce, "Gammo ne ba ta da shi."

Ban tsaya nan ba fa! Na naɗe tawul ɗina na yi gammo, na ce, "Sannu Mama, kawo in taimaka miki," na ɗaga masakin na ɗora mata a ka.

Ta sauke kayan a hankali, ta dube ni. "Ɗana, kai shi ne sarki na jiki. Shi yana ɗauka tunani tun safe, kuma ka ba shi doya?"

Direbanmu Ɗanladi, wanda ɗan yankin ne, ya raɗa min cewa matansu ba sa ɗora kaya a ka, don girmama shi. Ya ƙara da cewa dattijuwar nan mahaifiyar sarki ce. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina ba da haƙuri, gumi har cikin takalmi.

Sarki ya ba da gonar, amma da sharaɗin Ɗanladi ne zai riƙa yi musu bayani. Haka na wuni a bayan direba ina riƙe da jakar oga.

Tun daga ranar na haddace "ban sani ba, bari in tambaya." Ashe rabin aikin ke nan, ni kuwa da ɗaya rabin kawai, wato iya magana, aka ɗauke ni.