Ranar Da Na Koya Wa Matan Unguwa Amsa

Matso kusa ka ji, don wannan ba labarin da ake ɗaga murya a kansa ba ne. Ba zan taɓa mantawa da hutun da Saratu, 'yar ƙanena, ta dawo Zuru da aikin bincikenta na shekarar ƙarshe ba. Ilimin halayyar ɗan Adam take karantawa a jami'a. Ni kuwa aji huɗu na firamare na tsaya, amma Allah Ya ba ni kunne. Ko allura ta faɗi a gidan maƙwabta sai na san wa ya yar da ita.

Saratu ta ce kowane ɗalibi zai zaɓi abin da zai bincika da kansa, malama tana dubawa daga nesa. Ita ta zaɓi matan sojoji, yadda suke fama idan mazansu suna fagen daga. To a unguwarmu ai sai dai ta gaji da ƙirga su. Na ba ta ɗakin ƙofar gida, na shimfiɗa sabuwar tabarma.

Ranar farko ta ce gwaji za ta yi, ta kira Maman Bitrus, matar soja, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu. Na zauna gindin taga ina tsince wake (wai tsintar wake). Sai na ji matar nan tana kuka. Wai abinci ba ya shigar mata, wai duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ta zabura, ta ɗauka mugun labari ne. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, yanzu wannan za a ɗauka a kai wa manyan malamai, su ce matan Zuru ba su da haƙuri? Mu da aka sani da jarumta?

Washegari na yafa mayafi na bi gida-gida. Tambayoyin Saratu goma ne, duk na haddace su tun daga gindin taga. Na ce da mata, idan ta tambayi barci, ku ce lafiya lau. Abinci, ku ce mun gode Allah. Wa kike gaya wa damuwarki? Ku ce ba mu da damuwa. Har bita na yi musu, kamar masu shirin waƙar biki.

Saratu ta gama, ta tura wa malamarta. Bayan kwana uku na tarar da ita zaune, tuwonta ya huce.

"Gwaggo, Malama ta ce ni na zauna na ƙirƙiro amsoshin. Wai mata ashirin ba za su yi magana da baki ɗaya ba. In ta tabbata, sai na maimaita shekara, ko ma a kore ni."

Ka san abin da na ce? Na ce, "Hassada ce." (Allah Ya yafe mini.)

Ashe Malamar 'yar Dabai ce, nan kusa da Zuru. Ta ce za ta zo gida ƙarshen mako, za ta biyo ta ga matan da idonta. Na yanka kaza, na sake zagayawa na tuna wa kowa karatunta. Ranar Asabar mata shida suka zauna a tsakar gidana, ni ina gefe ina fifita, ina jin kaina kamar hedimasta.

Malama ta gaisa da kowa, ta yi tambaya biyu, amsa ta fito tsaf. Sai ta juya harshe zuwa C'lela, yaren mutanen Zuru, ta dubi Maman Bitrus ta tambaye ta wani abu a hankali. Daga baya na ji cewa ta yi, wane abu na mijinki kike ajiyewa kusa da ke? Maman Bitrus ta dubi ƙasa, ta dubi sama, sannan ta juyo gare ni, da Hausa ƙarara:

"Gwaggon Saratu, wagga ba ta cikin waɗanda kika koya muna. Mi zan ce?"

Mafici ya tsaya a hannuna. Wata daga baya ta ƙara da cewa, "Ko mu ce mun gode Allah?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da kujerar. Saratu ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta ce, "Gwaggo." Wannan kalma ɗaya ta fi bulala.

Na ce, "Malama, yarinyar nan ba ta san komai ba. Ni ce. Na ga kamar asirinmu za a tona."

Malama ta danne dariya ta ce, "Mama, ba a rubuta sunan kowa. Kuma in kowa ya ce lafiya lau, wa zai san akwai mai buƙatar taimako?" Ta ba Saratu mako uku ta sake aikin, da sharaɗi ɗaya: kada in kasance a gida. Haka aka tura ni ƙauyen Manga wurin yayata, ni da ko kasuwa sai dole nake zuwa. Kafin in tafi na sake bin gidajen nan ina warware abin da na ƙulla, ana yi mini dariya har da riƙe ciki.

Saratu ta ci, har an yaba aikin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shekara takwas muna katanga ɗaya da Maman Bitrus, ina jin motsin cokalinta, amma ban san ba ta ci ba. Yanzu da la'asar takan shigo mu tsinci wake tare, ta yi ta magana, ni kuma in kama bakina (aiki ne ja, ka tambayi duk wanda ya san ni). Na gane kunne mai kaifi daban, saurare daban.

Kai fa, yaushe rabon da ka tambayi maƙwabcinka ya gida, ka kuma tsaya ka ji abin da zai biyo bayan "lafiya lau"?