Rasuwar Shaho, Jirgin Yaƙin Gidan Maliki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farcen da har yanzu fenti bai fita ba, ni Maliki mai fentin motoci a tashar Jabi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Shaho, ɗan ƙaramin jirgin yaƙin roba da na haɗa da hannuna. Ya rasu ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidanmu da ke Karmo.

Marigayin ya zo duniya gutsi-gutsi cikin kwali, daga hannun masu gwanjo. Na manna masa fukafukai da gam, na yi masa fenti kore da ruwan ƙasa, na zana masa haƙora a baki irin na jiragen yaƙin duniya na biyu. Har baƙin hayaƙi na shafa a bakin bindigoginsa. Mai haƙuri ne, bai taɓa shan mai ba, ko sauro bai taɓa kashewa ba. Aibinsa ɗaya, shi ma ni na sa masa: injin 'yar fanka da na cusa a cikinsa. In farfelarsa ta juya sai ya ce "wuuuu", a hankali, kamar daga nesa yake tahowa. Wallahi tsigar jikina kan tashi, kuma daɗi nake ji.

Bai yi jinya ba. Na rataye shi a igiyar shanya don fentin ƙarshe ya bushe, na kunna shi maƙwabta su ga aiki. Sai ga Zulai, mai kawo mana nono daga rugar bayan gari, da goyonta. Inuwar jirgin ta gifta gabanta, ƙarar ta biyo baya. Ban taɓa ganin mutum ya zube ƙasa da sauri haka ba. Ta saki ƙwarya, ta fizgo yaron ta kife a kansa. Da ta ɗago ta ga ko mene ne, ba ta yi ihu ba. Ta tsinke igiyar, ta yi ta taka jirgin ba takalmi, har ƙafarta ta yi jini. Shaho ya ce "ƙiii", ya yi shiru.

Daga baya aka gaya mini, a tsohuwar rugar da ta baro kafin ta zo nan, irin wannan ƙarar ce daga sama ta riga wuta isowa. Kuma a da ba ɗa ɗaya gare ta ba.

Marigayin ya bar farfela, gwangwanayen fenti, da ƙaninsa da ke cikin kwali ba a haɗa ba. Ƙanin nan tsoronsa nake ji, don in na dube shi hannuna ƙaiƙayi yake.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar a bayan gida. A haƙa ramin da zurfi, tare da ƙanin za a binne shi. Ba zaman makoki. Zulai dai ba ta sake biyowa ta layinmu ba. Wanda ya san rugarsu, don Allah ya zo ya karɓi ƙwaryarta, na wanke ta. Ya ce mata ta dawo, ba abin da zai sake tashi a gidan nan.