Tankin Hagu na Kyaftin

A duk masu ƙaramin jirgin sama na kansu, babu mai tarbiyya kamar Kyaftin. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya karɓi lasisin tuƙi, kuma ya zauna masa daram. Mutum ne mai ƙa'ida. Ba ya ci da hagu, ba ya karɓa da hagu, ba ya nuna hanya da hagu. To, jirgin nasa tankin mai biyu gare shi, ɗaya a kowane fiffike, da ɗan makunni kusa da gwiwa da ake murɗawa idan ɗaya ya yi ƙasa. Kyaftin bai taɓa murɗa shi hagu ba. Ɗan shawagin da yake yi a saman gari bai taɓa tona masa asiri ba.

Ana nan sai matarsa ta yi yaji. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don yana sonta, ko da yake ya duba bai ga laifinsa ba. Da ya ji surukinsa zai yi doguwar tafiya, sai ya ce shi zai kai shi, don tsohon ya ga nutsuwarsa ya mayar masa da ita.

Sun yi nisa, jirgi ya fara rinjaya hagu saboda nauyin man da ba a taɓa ba.

"Iska ce, Baba," in ji Kyaftin. "Ba ta saba ganin irina a nan ba."

Allurar tankin dama ta kwanta. Inji ya yi tari, ya ƙara, ya yi tsit. Tsoho ya gyara tabarau. "Ɗana, wancan na hagun ba a cike yake ba?"

"A gabanka, Baba? Ina! Ni da aka yi wa tarbiyya, in shayar da jirgin da ke ɗauke da kai da hagu?"

Haka suka sauko da ladabinsu cikin wata gona da aka gama huɗa. Tayar gaba ta karye, hancin jirgi ya dasa kansa a kunya. Manoma suka sheƙo. Kyaftin ya hau fiffike, ya gyara hula.

"Jama'a, wannan ita ce saukar ƙwararru. Ba kowa ke ganinta kyauta ba."

Tsoho ya rarrafo waje, ya lalubo takalminsa ɗaya, ya tambayi inda titin mota yake. Kyaftin ya bi shi da sauri.

"Baba, maganar maiɗakina fa?"

"Wallahi ɗazu da safe har faɗa na yi mata a kanka," in ji tsohon. "Yanzu gida zan koma in ba ta haƙuri."