Ranar da Na Kai Ragon Inna Talla

Ko zan manta da komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ragon Inna Yagana kasuwar Haɗeja ba. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari, amma in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini.

Lokacin ina sabon ɗan kasuwa, ina ji da kaina. Kanwa nake sayarwa, irin wadda fatake ke kawowa a kan jakuna daga wajen Kukawa, makiyaya su saya su jiƙa wa dabbobinsu. Damuwata ɗaya ce: duk 'yan kanwar da ke jere da ni dattawa ne, kowa da mutanensa, kanwar kuma iri ɗaya, ayari ɗaya ya sauke mana. Ni sai in wuni ina korar ƙuda, da yamma in kwashe kayana yadda na shimfiɗa su.

Sai dabara ta zo mini (ni da dabara ba mu taɓa rabuwa lafiya ba). Na ce in mutane suka ga ƙosasshen rago tsaye gaban kayana, na ce musu kanwata ce ta mai da shi haka, ai magana ta ƙare. Rago kuwa akwai shi a gidanmu, sunansa Auta.

Inna Yagana yayar mahaifiyata ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta riƙe ni tun ina rarrafe. Shekarar da kogi ya cika ya ci gonaki, ruwa ya tafi da uwar ragon, Inna ta tsinci ɗan a kan tudu ta rene shi da madara a ludayi. Ya tashi fari tas, mai baƙin kai, ƙaho a murɗe. Mahauta sun yi ta zarya don ta sayar musu da shi har sun haƙura. Hira take yi da shi kamar mutum. Ba zan ce ta fi son sa a kaina ba, amma dai shi ban taɓa jin ta ce masa malalaci ba.

Na san ko zan yi kuka ba za ta ba ni shi ba. Don haka ranar kasuwa da sassafe na ce, "Inna, bari in kai miki Auta fadama ya ɗan sha iska."

Ta dube ni da mamaki. "Kai da kanka? To, Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Na ja shi da sauri sai bakin kogi, kafin ta ƙara sa mini wata albarkar.

A can na wanke shi, na shafe ƙahonsa da man shanu, na ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma na taɓa jin cewa dillalan dabbobi kan ba su ruwan kanwa don su sha ruwa sosai ciki ya fito. Sai na dama masa cikin ƙwarya, na ƙara da jiƙaƙƙen gero, na bar shi ya afka wa ɗanyen ganyen wake mai raɓa. Abin da dillali zai ba bijimi, shi na ɗura wa rago (a ganina, in kaɗan na da kyau, da yawa ya fi).

A kasuwa na ɗaure shi a ginshiƙin rumfa, igiyar gajeriya kuma a sama, don kansa ya tsaya a ɗage kada ya kwanta ya ɓata farin gashinsa. Na tura shi cikin rana saboda a inuwa ba a ganin sheƙinsa. Ni kuma na zauna a inuwar, cikin sabuwar rigata.

"Kanwa mai sa ƙiba! Ga shaida nan tsaye, ku duba da idonku!"

Wallahi abin ya ci. Kafin hantsi an kewaye ni. Wannan ya daki bayansa, wancan ya matsa haƙarƙari, wani ya buɗe masa baki yana duba haƙora. Dattawan nan suna kallona suna taɓe baki. Ina auna kanwa, ina raba ido ko zan hangi wani daga unguwarmu, ina sunkuyar da kai duk lokacin da wata tsohuwa ta gifta.

Wajen azahar Auta ya fara cizon haƙora. Yana buga ƙafa, yana son ya kwanta igiya ta hana shi, gefen cikinsa na hagu ya taso. Na gani. Abin da ya fi cin raina har yau ke nan: na gani, na kau da kai, na ce bari in sallami mutum biyu tukuna.

Wani dattijon Bafillace da ya daɗe tsaye, sanda a kafaɗa, ya ce, "Samari, ragon nan ba ya tuƙa."

Na ce, "Baffa, ƙoshi ne." (Ni da ban taɓa kiwon ko kaza ba, ina koya wa Bafillace dabba.)

Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa cikin, sai ya yi ƙara kamar ganga. Kafin ya janye hannu ƙafafun Auta suka saki. Ya zube, amma igiyata ta riƙe wuyansa a sama, harshe ya fito, ido ya juye. Na yi tsalle na kama ƙullin, na kasa kwancewa. Dattijon ne ya zaro wuƙa ya datse igiyar.

Ban san inda mahauci ya ɓullo ba. Sai ga shi a kaina yana wasa wuƙa. "A yanka shi yanzu kafin ya zama mushe! Waye mai shi?"

Jama'a suka ɗauka: "A yanka! Kada a yi asara biyu!"

Duk ido ya dawo kaina. In na ce a yanka, da wane baki zan gaya wa Inna? In na hana ya mutu a banza, ko naman ba za a ci ba. Na fara addu'ar da ni kaina ban san farkonta ba. Mahaucin har ya kama ƙaho yana juya shi gabas.

"Duk wanda ya sa masa wuƙa, ni da shi har gaban alƙali."

Inna ce. Ashe ta kawo zarenta kasuwa, ta ji ana labarin wani farin rago mai baƙin kai a wajen 'yan kanwa. Ta ajiye kwandonta, ta durƙusa, ta ɗora kansa a cinyarta. Ko kallona ba ta yi ba.

Ita da Bafillacen suka fahimci juna ba dogon bayani. Aka karɓo man gyaɗa aka ɗura masa. Dattijon ya gicciya ɗan itace a bakin ragon ya ɗaure ta bayan ƙaho, don ya yi ta tauna iskar ta fito. Sannan ya ce, "Sai an ɗaga gabansa ya fi bayansa tudu. A samo turmi ko dutse."

Inna ta ce, "Ba sai an je nema ba." A lokacin ta juyo gare ni. "Kai, duƙa."

Na duƙa, gwiwa da tafin hannu a ƙasa, tsakiyar kasuwar Haɗeja, cikin sabuwar riga. Aka ɗora ƙirjin Auta a gadon bayana, ƙafafunsa na reto a gefena. Inna na murza cikinsa tana kiran sunansa a hankali. Ƙasar ta yi zafi har tana cin tafin hannuna, sai a lokacin na san inda na tsayar da shi tun safe. Ina jin numfashinsa a bayana yana sama-sama, duk lokacin da ya ɗan tsaya nawa ma sai ya tsaya.

Can sai ya saki wata gyatsa mai tsawo, koren kumfa mai ɗumi ya biyo ta, ya sauka a ƙeyata ya gangara cikin rigata. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Dattijon ya ce, "Alhamdu lillahi, ya tsira." Kasuwa ta kece da dariya. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin wari irin na ran nan ba.

Ina duƙe wani ya tambaya, "Inna, da gaske kanwar yaron nan ce ta sa shi wannan ƙiba?"

Ta ce, "Bai taɓa lasar ta ba sai yau. Harawa da dusa yake ci, da hannuna."

Ta tsakanin ƙafafun mutane na riƙa hango waɗanda suka sayi kanwata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna juye ta a tabarmata.

Muka kama hanyar gida, ita da Auta a gaba suna tsayawa a kowace inuwa, ni a baya ƙuda na rakiyata. Ina ta jiran faɗa, har na shirya inda zan sa kaina. Sai da ta kwantar da shi, ta wanke hannu, sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da ka gaya mini ciniki ya ƙi, ɗan nan, da na zo na tsaya maka cikin rana da kaina. Ni in na gaji ina da bakin da zan faɗa, shi kuwa ba shi da shi."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ran nan ni nake yi wa kayana talla, da maƙogwarona, a tsaye cikin rana. In na ga wani ya ɗaure dabba gaban kayansa yana kiran jama'a, nakan matsa in tambaye shi a hankali ko bayansa na da ƙwari, don na san inda ake ɗora ta in ta faɗi.