Rasuwar Famfon Tankin Hajiya Bula

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, ni Ubaidullahi Bawa Gwandu, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa a Legas, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar famfon tankin kifina, wanda ya cika ranar Talata da azahar, yana da shekara shida a bakin aiki.

Da na yi ritaya ban dawo gida da mota ba. Na dawo da tankin gilashi mai cin jarka goma, da buhun gishirin teku da ake haɗa ruwansa, da marigayi. Bara wani tsohon abokin aiki ya aiko mini da tauraruwar teku, wata halitta mai hannu biyar, shuɗiya kamar an tsoma ta a bula. Matata Delu ce ta raɗa mata suna Hajiya Bula. Irinta ba ta jure ruwan da ya tsaya, domin iskar cikinsa ƙarewa take yi. Marigayi shi ne mai juya ruwan.

Bai fi dunƙulen hannu ba. Abincinsa ɗan wutar sola, bai taɓa neman ƙari ba. Ko a zafin bazara, lokacin da fanka ke hura wuta, yana nan a kusurwarsa yana faɗin abin da ya saba: “zuuu, ɓul-ɓul, zuuu.” Mutane sun zo daga Masama da Dangoma kallon Hajiya Bula tana hawa gilashi a hankali, babu wanda ya taɓa tambayar waye ke riƙe da numfashinta. Bai damu ba.

Marigayi bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, kuma an san wanda ya yi.

Abdulgani, ƙanen Delu, mai sayar da tarwaɗa a Kalgo, ya sauka gidana da robar kifi masu rai, ina can Masama wurin suna. Yayarsa ta shiga madafa ta ɗora masa tuwo. Da ya ga kifinsa sun galabaita, sai ya zura hannu cikin tankina, ya zaro marigayi da wayar wutarsa a jone, ya jefa shi cikin taɓo da yauƙin tarwaɗa. Mai saye ya zo, Abdulgani ya zubar da ruwan, ya bar bawan Allah yana ta juyi a busasshiyar roba. Delu ta ji maganar marigayi ta ƙarshe daga tsakar gida, “kir-kir-kir, fus,” sai ƙaurin roba. Abdulgani ya mayar da gawar cikin tanki ba wanki, ya ci malmala biyu, ya kama hanya.

Da na kira shi a waya, cewa ya yi kifinsa dai ana ci, tauraruwata kuwa ko kyanwa ba za ta sansana ba. Ya yi dariya. Mutum uku da ke kusa da ni sun ji, don na ƙure sautin wayar.

Marigayi ya bar jatan lande biyu a tankin, ɗaya ya bi shi ranar Laraba. Ya bar Hajiya Bula, wadda yanzu hannunta ɗaya ya yi fari, ya fara zagwanyewa daga baki. Ya bar ni da Delu muna karɓa-karɓa da moɗa, muna ɗiban ruwa muna kwararawa, yau kwana uku. An ɗora sabon famfo a mota daga Legas, direba ya ce sai Asabar. Ban sani ba ko Hajiya Bula za ta kai.

Dattawa sun zo ba ni haƙuri, na ba su tabarma da ruwan sanyi, ban ba su alkawari ba. Firjin da Abdulgani ke ajiye kifi a gidana na sa masa kwaɗo. Delu, da suke ciki ɗaya da shi, ta ce tukunyarta ta manta da shi. In kuwa Hajiya Bula ta bi marigayi, za mu haɗu a gaban hakimi.

Ba za a yi masa salla ba, tunda roba ne da waya. Malam Hassan mai gyaran rediyo ya riga ya duba shi, ya wanke shi. Masu ta'aziyya a Gwandu kada su kawo goro, su zo da ƙarfin hannunsu, akwai moɗa. Gawa kuwa za a ɗauke ta a babur ranar kasuwar Kalgo da hantsi, a rataye ta a darbejiyar da ke kallon rumfar Abdulgani. Zan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi har kasuwa ta watse, kuma duk wanda ya tambaya zan ba shi labarin daga farko, kafin ya ƙarasa wurin tarwaɗa.