Rasuwar Takalman Keken Malama, da Lambar da Aka Kankare

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da ƙafafu biyu masu raɗaɗi, iyalan Malamar aji huɗu ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk mai taka feda rasuwar takalman hawan kekenta, tagwaye, Na Dama da Na Hagu. Sun rasu tare ranar Talata da hantsi, a bakin tanderun gidan biredin maigidanta, bayan gajeruwar jinya da ba ta wuce minti arba'in ba. Sun bar duniya suna da shekara shida da wata huɗu. A wajen takalmi, wannan tsufa ne na arziki.

Domin waɗanda ba su san gidan ba, mutum uku ne a cikinsa. Akwai Malama, wadda ke koyar da lissafi a firamare. Akwai maigida, wanda kowa ke kira Mai Biredi, mutum mai taushin zuciya kamar hajarsa. Sai 'yarsu tilo mai shekara goma sha ɗaya, da ake kira 'Yar Baba. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abu ɗaya gidan ya rasa, shi ne gaskiya game da ƙafar Malama.

Malama ta fito daga zuri'ar mata masu manyan ƙafafu da ƙananan lambobi. A ɗakin mahaifiyarsu ba a taɓa samun macen da ta wuce lamba talatin da takwas ba, a baki. Ita da yayyenta biyu haka suka taso, suna tura ƙafa cikin takalmi kamar mai cusa katifa a buhu, suna murmushi a taro, suna cire shi a ƙarƙashin tebur. Ana iya rayuwa a haka in dai tafiyar mutum daga mota ce zuwa kujera. Amma da likita ya duba jinin Malama ya ga ya hau, ya ce ko dai ta riƙa motsa jiki kullum ko ta ƙulla zumunci da asibiti, sai ta zaɓi keke. Keke kuwa ba ya jin ƙarya.

Ta fara da silifas. Ranar farko ɗaya ya zame daga feda ya yi zamansa a tsakiyar titi, motar yashi ta bi ta kansa. Ta koma mai tsini, tsinin ya maƙale. Ta ari na maigida, ƙafar ta riƙa yawo a ciki kamar cokali a kofi. Ta sayi mai igiya, lamba talatin da takwas, yatsunta suka mutu tun kafin ta kai kwanar farko, igiyar kuma ta shiga sarƙar keke ta zubar da ita a ƙofar makaranta, a gaban 'yan aji huɗu kaf. Yaran sun nuna tarbiyya. Babu wanda ya yi dariya sai da ta shiga ofis.

A wannan hali ne Allah ya haɗa ta da marigayan, a wani ɗan shago da ke bayan kantin masu kayan keke. Mai shagon dattijuwa ce da ta yi tseren keke a ƙuruciyarta, kuma tana da tsarin aikin da ba ta sauya wa kowa: ba ta tambayar mace lambarta.

"Talatin da takwas nake sawa," in ji Malama.

"To, madalla. Hau kwalin nan."

"Hajiya, ai na gaya miki lambar."

"Na ji, 'yata. Bakinki ya faɗi tasa. Yanzu ƙafar nake so ta yi magana."

Ta tsayar da ita a kan kwali, ta zagaye kowace ƙafa da biro. Ta kalli zanen, ta kalli Malama, sannan ta kore ta. Ta ce ba a gwada takalmi da safe, lokacin da ƙafa ke kunya. A dawo da yamma, bayan an wuni a tsaye gaban allo ƙafar ta kumbura ta nuna halinta, kuma a zo da safar da za a riƙa sawa. Da yamma Malama ta koma. Aka sake zane. Dattijuwa ta ɗora ma'auni ta ce, "Arba'in da biyu."

"A'a, Hajiya, ki dai duba da kyau. Ko biron ne mai kauri?"

"Biro ba shi da laifi. Ga faɗi a gaba, ga siririyar dunduniya, ta dama kuma ta ɗara ta hagu kaɗan. Da babbar za mu yi aiki. Zura."

Ta zura. Yatsunta biyar-biyar suka baje, kowanne ya ga ɗan uwansa bayan shekaru. Ta biya, ta roƙi dattijuwa ta riƙe mata sirri, ta dawo gida ta rufe ɗaki, ta sa reza ta kankare lambar daga tafin kowannensu. Marigayan sun ɗauki wannan tabo har ƙarshen ransu, ba su taɓa gaya wa kowa ba.

Halayensu na gari ba sa ƙirguwa. Masu taurin tafi ne, ba sa lanƙwashewa a kan feda, saboda haka duk ƙarfin da Malama ta taka yana isa taya, ba ya tsayawa a hanya ya zama ciwon ƙafa. Masu yalwar ƙirji ne: tsakanin babban yatsa da bakinsu akwai filin da babban yatsan hannu zai kwanta. Amma a baya masu riƙon amana ne, sun kama dunduniya ba sa saki, ko a hawan tudun nan na bayan asibiti inda maza ke sauka su tura. Ba su da igiya balle su yi hulɗa da sarƙa. Maɗauri biyu gare su masu mannewa, da safe a sassauta, da yamma a ƙara sassautawa, ba su taɓa cewa an dame su ba. Suna da ƙananan huji da iska ke shiga, shi ya sa aka zauna da su shekara shida a bakin ƙofar falo ba tare da baƙo ya toshe hanci ba.

Ba masu yawan magana ba ne. Da safe sukan ce "fyarr, fyarr" in ana ɗaure su. A barandar makaranta sukan ce "ƙwas, ƙwas, ƙwas". Marigayan na bin 'yan aji huɗu na shekara shida a jere bashin godiya, domin wannan ƙwas-ƙwas ɗin ne ke sanar da su cewa lokaci ya yi da za a sauko daga kan benci a buɗe littafi. A zamaninsu jinin Malama ya sauka ya zauna inda likita ke so.

Ajali ya zo ta hannun masoyi. Ranar Litinin ruwan sama ya yi wa Malama dukan kawo wuƙa a hanyar dawowa, marigayan suka iso gida sharkaf. Washegari ta bar su a bakin ƙofa ta hau mota, da niyyar in ta dawo ta cusa musu tsohuwar jarida ta ajiye su a inuwa, kamar yadda ta saba. Mai Biredi ya fito ya gan su, tausayi ya kama shi. Shi kuwa mutum ne da ya yi imani babu abin da ya jiƙe a duniya da tanderu ba zai gyara ba. Ya taɓa busar da littafin 'Yar Baba a can, da hularsa, da wata kyanwa. Ya sa su a leda ya tafi da su wurin aiki, ya jera su a kan faranti a bakin tanderu. Kuma shi ba ya duba agogo. Shekara ashirin da hanci yake gane abu ya gasu.

Sai ga motar fulawa ta iso. Ana cikin sauke buhuna hancinsa ya sanar da shi cewa wani abu ya gasu, kuma ba biredi ba ne.

Waɗanda suka ga gawar sun ce Na Dama ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, Na Hagu kuma ya buɗe baki, gam ɗinsa na zuba. An garzaya da su wurin mai gyaran takalmi na bakin titi. Ya juya su, ya shinshina, ya ɗaga Na Hagu, wanda ya ce "fyat" sau ɗaya, maganarsa ta ƙarshe ke nan.

"Maigida, wa ya yi wannan aikin?"

"Ruwa ne ya dake su."

"Ruwan zafi aka yi jiya a unguwarku? Ni ɗinki na iya. Wannan sai dai a yanka a shafa bota."

Garin neman gira an rasa ido. Iyali sun yafe wa Mai Biredi, ganin cewa tun ranar bai iya haɗa ido da keken ba.

Marigayan sun rasu sun bar keke guda, yana jingine a bango ba ya ce wa kowa komai. Sun bar safa ƙafa bakwai, uku daga ciki dama marayu ne. Sun bar hular kwano, da famfon iska wanda tun ranar yake ta ajiyar zuciya. Sun kuma bar 'yan uwa na nesa, masu tsini da masu ƙyalli, cike da kabad, dukkansu lamba talatin da takwas, waɗanda aka lura ba su nuna wani alhini ba.

Iyali na godiya ga yayyen Malama biyu, da suka zo gaisuwa tun ranar Laraba ɗauke da kwali. Sun haɗu sun sayo mata sababbin takalman keke masu kyau, ruwan hoda.

"Share hawayenki, ƙanwata," in ji Babbar Yaya. "Ga wasu. Talatin da takwas, lambar gidanmu."

"Sa mu gani mana," in ji Ƙaramar Yaya. "Ko kin fara ƙafar maza ne don kina hawan keke?"

Malama ta sa. Ta yi murmushin da ta gada. Kwana biyu ta hau keke da su. Rana ta farko yatsunta suka daina gaisawa da ita. Rana ta biyu bororo ya fito mata a dunduniya biyu, ta sauka a gindin tudun bayan asibiti ta turo keken har gida, tana lissafin cewa in ta ajiye keke jini zai hau, in ta faɗi gaskiya kuma yayyenta za su hau.

Tana zaune a bakin gado ƙafafunta cikin roba da ruwan ɗumi, sai 'Yar Baba ta dawo daga makaranta tana tafiya a gefen ƙafa kamar mai taka ƙaya. Ta zauna a ƙasa, ta juya baya, ta cire takalmi a ɓoye. Malama ta hango filasta a kan yatsu uku.

"Zo nan. Me ya sami ƙafarki?"

"Ba komai, Mama."

"Ba komai ne ke cin filasta? Ba watan jiya babanki ya sayo miki takalmin nan ba?"

"Ni na ce masa talatin da bakwai."

"Ya matse ki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Tun a shagon. Amma Mama, ke da kike babba talatin da takwas kike sawa. In na ce talatin da tara, na wuce ki ke nan. Kuma Anti, yayarki, ta ce mace mai babbar ƙafa kwale-kwale ce."

Malama ta kalli filastan da ke yatsun yarinyar. Shekara goma sha tara tana jan kunnen 'ya'yan mutane a kan kada su rubuta amsar da ba ita lissafi ya bayar ba. Ta tsame ƙafafunta ta goge. Ta aika aka ɗauko kwalin biredi, ta farke shi ta shimfiɗa a tsakar ɗaki, ta hau, ta miƙa wa yarinyar biro ta ce ta zagaye. Sannan ta sauka ta ce wa yarinyar ita ma ta hau kan zanen. Ƙafar 'Yar Baba ta shige ciki tsaf, har da ragowar fili.

Saboda haka, iyali na amfani da wannan dama su gyara wani kuskure da ya daɗe yana yawo a dangi. Marigayan ba talatin da takwas ba ne. Arba'in da biyu ne, cif. Haka aka haife su, haka suka rayu, haka suka koma. Duk wanda ya taɓa jin wata lamba daga bakin Malama, ya yafe mata, ya goge, ya rubuta wannan.

Za a yi musu rakiya ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da ƙafafu suka kumbura. Za a tashi daga ƙofar gida, a tsaya wurin mai gyaran takalmi, wanda iyali suka amince ya cire maɗauran marigayan domin wasu takalman masu buƙata, sauran kuma a sa su a makwancinsu cikin kwali a saman kabad. Daga nan za a wuce shagon dattijuwa. Ana roƙon mata masu zuwa gaisuwa kowace ta zo da safarta. An tanadi kwali da biro. An ware wa yayyen Malama layin gaba, an kuma sanar da su cewa takalman ruwan hodan nan za a mayar, kuma ba za a karɓi uzurin ciwon kai ba. Mai Biredi zai riƙe jakunkuna a waje. Ba a buƙatar taimakonsa wajen busar da komai.

'Yar Baba ce za ta ja gaba, cikin silifas ɗin babanta, har a samo mata talatin da tara. Ta tambaya ko ita ma wata rana za ta kai arba'in da biyu, aka ce mata mai yiwuwa ne, sai ta ce to a ajiye mata keken. Abin da ta fahimta shi ne ƙafarta ba ta yi laifin komai ba, takalmin ne ya yi kaɗan.